Gallup, EK-22, Prasae: jirgi ɗaya, suna uku, shekara 56 yana aiki

A bakin kogin Prasae da ke lardin Rayong a ƙasar Tailan akwai wani tsohon jirgin yaƙi da aka ɗora kan kankare, lamba 412 a rubuce a goshinsa, mutane na hawa suna leƙa ɗakuna suna dafa igwa a ɗauke su hoto. Duk wanda ya gan shi zai ce jirgin Tailan ne kawai, kuma gaskiya ne nasu ne, amma kafin ya zo hannunsu sai da ya ɗauki tutar Amurka, ya sauke ya ɗauki ta Tarayyar Sobiyet, ya sake komawa ta Amurka, ya ga yaƙin duniya na biyu ya ga yaƙin Koriya. Abin da ya ja hankalina gare shi shi ne waɗanda suka ƙera shi ba su yi shi don ya daɗe ba sam, jirgin a-yi-a-gama ne, na cike gurbi kafin yaƙi ya ƙare, sai ga shi ya kai shekarar 2000 yana kan ruwa, alhali manya-manyan jiragen da ake ji da su a zamaninsa tuni an yanka su an sayar da ƙarfen.

Asalin maganar daga 1942 ta faro. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna ta nutsar da jiragen dakon kaya a tekun Atlantika, Amurka na buƙatar ƙananan jiragen rakiya da yawa kuma da gaggawa, su kuma ma'aikatun da suka iya ƙera jirgin yaƙi na ainihi duk aiki ya yi musu yawa. To sai aka ɗauko fasalin wani jirgin rakiya na Ingila da ake kira ajin River, kamfanin Gibbs & Cox ya sake zana shi yadda ma'aikatun ƙera jiragen kasuwa za su iya yin sa da walda, gunduwa-gunduwa a haɗa, aka sa masa ajin Tacoma. Guda 96 aka ƙera, aka ba Ingila 21 daga ciki. Wanda muke magana a kai kamfanin Consolidated Steel ne ya yi shi a Wilmington kusa da Los Angeles, aka fara aikin ranar 18 ga Agusta 1943, ranar 17 ga Satumba aka tura gangar jikin cikin ruwa, wata guda ke nan cif. Aka raɗa masa suna Gallup, sunan wani ƙaramin gari a jihar New Mexico, aka ba shi lamba PF-47, ya shiga aiki ranar 29 ga Fabrairu 1944. Kuma ba sojan ruwa na ainihi ba ne suka hau shi, dakarun tsaron gaɓar teku ne na Amurka, haka aka yi wa kusan duk 'yan ajin nan, wanda ke nuna maka matsayin da aka ajiye su tun farko.

Tsawonsa mita 92 da 'yan kai, faɗi kamar mita 11, mutum wajen 190 a ciki. In ya ƙure gudu bai wuce kilomita 37 a awa ba. Makamansa igwa uku masu bakin inci 3, sai bindigogin kakkaɓo jirage na milimita 40 da na 20, sai bama-baman da ake gangarawa cikin ruwa ta baya, sai wata na'ura a gaba da Turawa suka sa wa suna bushiya, saboda sanduna 24 ne a jere a tsaye kamar ƙayar bushiya, kowanne da ɗan bam a kansa, in an harba su tashi kusan lokaci ɗaya su faɗa ruwa a gaban jirgi su yi da'ira, kuma ba mai fashewa sai wanda ya taɓa jikin jirgin ƙarƙashin ruwa, saboda haka in ka ji shiru ka san ka kuskure, in ka ji ƙara ka san ka samu. Amma ni abin da na fi tsayawa a kai injinsa ne. Jiragen yaƙi na lokacin sun koma injin tururi mai juyawa da sauri, wanda ke buƙatar giya mai wuyar ƙerawa, shi kuwa wannan tsohon yayi aka sa masa, mai fistin, tururi ya shiga ƙaramar silinda ya tura, ya fita ya shiga matsakaiciya ya sake turawa, ya ƙarasa a manya kafin ƙarfinsa ya ƙare, kana tsaye kana ganin sandunan ƙarfe na hawa da sauka, mai ba da mai na zagayawa da gwangwaninsa yana taɓa ƙarfe da hannu ya ji ko ya ɗau zafi. Inji biyu, farfela biyu. A 1943 ma an san tsohon yayi ne, an zaɓe shi ne don shi ake iya samu da sauri. A ganina wannan injin na daga cikin abin da ya ja masa kwana, don irin injin da bakanike mai haƙuri zai kwance ya gyara ya mayar ne, ba sai an jira wani kamfani daga wata uwa duniya ba.

Yana da aibu, ba a ɓoye ba. Tun da fasalin na Ingila ne, don sanyin arewacin Atlantika aka yi shi, iska ba ta shiga cikinsa sosai, to sai ga shi an tura shi kudancin tekun Fasifik inda zafi da gumi suke, ma'aikata suka yi ta kuka da zafin ɗakunan ƙasa. Kuma ba ya juyawa da sauri, sai ya ɗebo kwana mai faɗi, wanda ga mai farautar jirgin ƙarƙashin ruwa ba ƙaramin naƙasu ba ne.

A watan Yuni 1944 ya isa Noumea, ya shiga aikin da aka yi shi dominsa, rakiyar ayari tsakanin tsibirai har gaɓar New Guinea, aiki mai gajiyarwa, kwana da kwanaki kana zagaye jiragen dakon kaya kana sauraren ƙarƙashin ruwa ba abin da ya faru. A watan Agusta ya yi luguden wuta a tsibirin Biak don share wa sojojin ƙasa hanya. Babban abin da ya yi a wannan yaƙin shi ne na Leyte a ƙasar Filifin, wadda Japan ta mamaye, Amurka ta dawo ƙwato ta. Kowa ya san 20 ga Oktoba 1944, ranar da Janar MacArthur ya taka ruwa ya hau tudu, amma kwana uku kafin nan, ranar 17, sai da wata 'yar ƙaramar tawaga ta riga kowa zuwa ta kama tsibiran da ke bakin mashigar, Suluan da Dinagat da Homonhon, don a kafa fitilun da za su nuna wa ɗaruruwan jirage hanya da dare. Gallup da ɗan'uwansa Bisbee na cikin wannan tawaga, Gallup ya buɗe wuta kan gaɓar Dinagat sojojin Ranger suka sauka. Ka duba fa, jirgin da aka raina, mai injin tsohon yayi, shi ne a sahun gaba ranar da aka fara komawa Filifin, a ruwan da ba a gama share nakiyoyinsa ba. A ƙarshen wannan shekarar ne kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suke fafatawa da Japan ɗin nan dai a dazukan Bama (Myanmar ta yau), yaƙi ɗaya ne, fage ne daban.

Ƙarshen 1944 ya koma Amurka, farkon 1945 aka tura shi can arewa, Alaska da tsibiran Aleutian, daga zafi zuwa ƙanƙara da hazo. A nan ne labarin ya juya.

A taron Yalta na Fabrairu 1945 Stalin ya yi alkawarin zai shiga yaƙi da Japan wata biyu zuwa uku bayan an gama da Jamus. Matsalar ita ce rundunar ruwansa ta gabas ba ta da isassun jiragen sauke soja da na share nakiya da na rakiya, ga shi kuma akwai yarjejeniyar zaman 'yan ba-ruwanmu tsakanin Mosko da Tokyo tun 1941, saboda haka dole a yi abin a asirce. Sai aka zaɓi wani lungu mai suna Cold Bay a ƙarshen Alaska, wurin da ba kowa sai iska da ruwan sama, aka sa wa shirin suna Project Hula, Kyaftin William Maxwell a ɓangaren Amurka, Admiral Boris Popov a ɓangaren Sobiyet. Daga Afrilu zuwa Satumba 1945 aka horar da sojojin ruwan Sobiyet wajen 12,000, aka miƙa musu jirage 149, a ciki har da 'yan ajin Tacoma guda 28, su ne mafi girma a duk abin da aka bayar. Ka yi tunanin yadda koyarwar take, Ba'amurke na nuna wa Barashe yadda ake karanta na'urar rada da na'urar sauraren ƙarƙashin ruwa, wannan ba ya jin yaren wancan, tafinta ba su isa ba, duk rubutun da ke jikin bawul da makunni da Turanci yake, sai nuni da hannu da maimaitawa, a fita teku tare a gwada a dawo, cikin 'yan makonni a ce to ga jirginku.

Ranar 26 ga Agusta 1945 aka sauke tutar Amurka daga kan Gallup, nan take aka ɗaga ta Sobiyet, sunansa ya koma EK-22, wato jirgin rakiya na 22, daga sunan gari ya koma lamba. Ka lura da ranar. Sarkin Japan ya riga ya sanar da miƙa wuya tun 15 ga Agusta, kwana 11 ke nan, amma shirin bai tsaya ba sai 5 ga Satumba, don an riga an ɗauki alkawari kuma injin gwamnati in ya tashi ba ya tsayawa da wuri. Wato dai yaƙin da aka ba da shi dominsa ya riga ya ƙare kafin ya isa Petropavlovsk, tashar jiragen ruwan Sobiyet a can gabas. 'Yan'uwansa da aka miƙa tun watan Yuli su ne suka samu shiga, da su aka sauke sojojin Sobiyet a gaɓar arewacin Koriya a watan Agustan nan, wasu jiragen sauke soja na shirin kuma aka rasa guda biyar a wajen ƙwace tsibirin Shumshu daga hannun Japan. Wannan saukar ta arewacin Koriya ka riƙe ta, don daga ita ce aka samu gwamnatin da shekara biyar bayan haka waɗannan jiragen za su dawo suna yi wa luguden wuta.

Shekara huɗu ya yi yana sintiri a gabashin Sobiyet. Aro aka ba su a ƙarƙashin tsarin Lend-Lease, kuma kowa ya san halin aro in zumunci ya lalace, mai kaya na cewa a dawo min da abina, wanda ya ara na jan ƙafa. Tun 1946 aka fara maganar, a watan Mayu 1947 sakataren sojan ruwan Amurka James Forrestal ya ce daga cikin jiragen yaƙi 585 da aka ba Sobiyet suna son 480 su dawo, aka yi ta ja-in-ja, sai a ƙarshen 1949 aka dawo da 'yan ajin Tacoma 27, na 28 ɗin, EK-3, guguwa ta riga ta jefa shi kan gaɓa kusa da Petropavlovsk a 1948. Gallup ranar 14 ga Nuwamba 1949 aka miƙa shi a Yokosuka ta Japan. Aka ɗaure su a tasha ba mai ta tasu, don Amurka ba buƙatarsu take ba, kawai dai ba ta son su zauna a hannun Stalin ne.

Da ba don 25 ga Yuni 1950 ba da ƙila nan labarin zai ƙare. Koriya ta Arewa ta tsallaka layi, Amurka ta waiga ta ga bayan yaƙin duniya ta rage rundunarta ƙwarai, ga kuma jirage a ɗaure a Yokosuka, tafiyar kwana biyu ko uku zuwa fagen daga. Aka hau gyara, ranar 18 ga Oktoba 1950 Gallup ya koma aiki da tsohon sunansa, wannan karon da sojan ruwa. A ƙarshen Nuwamba ya isa Hungnam, tashar da ke gaɓar gabashin Koriya ta Arewa, ya karɓi aikin tsare bakin tasha daga hannun Bisbee, abokin tafiyarsa tun Leyte da Cold Bay. Aikin kamar na ɗan sandan kan hanya ne, kai ne a ƙofa, duk jirgin da zai shiga ko zai fita sai ka tantance shi ka nuna masa hanyar da aka share nakiya. Sai ga sojojin Sin, da suka shigo yaƙin tun Oktoba, sun kawo babban farmaki, aka yi gumurzun tafkin Chosin cikin sanyin da ke daskarar da bindiga, dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ja da baya zuwa Hungnam, a watan Disamba aka kwashe soja wajen 105,000 da farar hula kusan 100,000 da motoci 17,500 ta wannan ƙofar, jirgi ɗaya ma, Meredith Victory, mutum 14,000 ya ɗauka. Ba Gallup ne ya ɗauke su ba, kuma ba za ka ga sunansa a gaba-gaba ba in ana ba da labarin, amma tashar da jirage ke shiga da fita dare da rana ga nakiyoyi a gefe, in ba mai tsare ƙofa ai karo da asara ne za su biyo baya.

Bayan nan ya shiga wata yaudarar saukar soja da aka shirya a Kansong da Kosong a ƙarshen Janairu 1951, ya yi luguden wuta a Wonsan inda aka yi wa tashar ƙawanya har kwana 861, sauran lokacin kuma rakiyar jiragen mai da na harsashi. Tauraron yabo biyu ya samu a yaƙin duniya, uku a Koriya.

To ina Tailan ta shigo? Ita ma nata juyin ba ƙarami ba ne, don lokacin da ake walda jikin Gallup a 1943 Tailan na ɓangaren Japan, har ta shelanta yaƙi da Amurka da Ingila a Janairu 1942. Amma a 1950 gwamnatin firaministanta Phibun na cikin na farko-farko da suka aika soja Koriya, har da jiragen ruwa uku, Prasae da Bangpakong da jirgin dakon kaya Sichang. Wannan Prasae na farko tsohon ƙaramin jirgin rakiya ne na Ingila. Ranar 7 ga Janairu 1951, cikin guguwar dusar ƙanƙara, ya kafe a gaɓar gabashin Koriya a bayan layin abokan gaba, mutanen da suka taso a ƙasar da ba su taɓa ganin ƙanƙara na zuba ba, ga igiyar ruwa na dukan jirgi ga abokan gaba a kusa. Aka yi kwanaki ana ƙoƙarin janyo shi abin ya gagara, aka kwashe mutanen da jirgi mai saukar ungulu, ranar 13 ga wata jiragen ƙawance suka harbe shi da kansu don kada ya faɗa hannun abokan gaba. Wannan rashin ne aka zo cikewa. Ranar 29 ga Oktoba 1951 a Yokosuka Amurka ta miƙa wa Tailan jirage biyu, Glendale ya zama Tachin, Gallup kuma aka ba shi sunan wanda ya mutu, Prasae, kamar dai yadda ake mayar wa jariri sunan kakansa.

Akwai wani abu da ya kamata a haɗa da wannan ranar. Wata huɗu kafin nan, ƙarshen Yuni 1951, wasu hafsoshin sojan ruwan Tailan sun yi yunƙurin juyin mulki, suka kama Phibun ana tsakiyar bikin karɓar wani jirgin yashe kogi mai suna Manhattan, suka tsare shi a babban jirginsu Sri Ayudhya, sojan sama suka yi wa jirgin ruwan bama-bamai har ya nutse, Phibun ya yi iyo ya tsira, bayan nan aka karya lagon rundunar ruwan gaba ɗaya, aka rage mata mutane da kuɗi. Rundunar da ke cikin wannan hali ce ta karɓi jirage biyun nan, saboda haka a wurinta ba ragowar kaya ba ne, su ne ƙashin bayanta. Suka ci gaba da rakiya a ruwan Koriya da tutar Tailan har bayan tsagaita wutar 1953, sannan suka tafi gida.

Sauran 'yan'uwan ma haka aka rarraba su, cikin 27 ɗin nan Japan ta samu 18 a 1953, ƙasar da aka tara su don a yaƙa, da su ta fara gina sabuwar rundunar ruwanta, Koriya ta Kudu 5, Kolombiya 2 har da Bisbee, Tailan 2. Mu ma a Najeriya mun san irin wannan, NNS Thunder da aka karɓo a 2011 da NNS Okpabana a 2014 duk tsofaffin jiragen tsaron gaɓar tekun Amurka ne da aka ƙera tun shekarun 1960, kuma in ana maganarsu za ka ji ana cewa gwanjo ne, an ba mu abin da suka gaji da shi. Maganar na da ƙamshin gaskiya, mai bayarwa ba ya ba da wanda yake ji da shi, kuma yana da tasa manufar. Amma lissafin Gallup kaɗai ya isa a duba, Amurka duka-duka shekara biyu da rabi ta yi aiki da shi in ka haɗa zuwa biyun, Sobiyet shekara huɗu da 'yan watanni, Tailan kusan shekara 49. Jirgin ƙarfe a ruwan gishiri mai ɗumi ba ya kai haka da fatar baki, sai an fito da shi an kankare tsatsa an yi fenti, an sauya bututun tukunya, an ƙera abin da kamfaninsa ya daina yi, kuma sai an samu tsofaffin injiniyoyi da ke koya wa yara injin da duniya ta daina yayinsa. Wannan aikin ba ya shiga labarai, amma ni a nan na ga ainihin jarumtar da ke cikin tarihin jirgin nan, fiye ma da harbin Dinagat.

A shekarunsa na ƙarshe ya koma jirgin koyar da ɗalibai. Ranar 22 ga Yuni 2000 aka sallame shi daga aiki tare da Tachin. Tachin aka kai shi makarantar share fagen shiga soja da ke Nakhon Nayok, nesa da teku, aka kafa shi a can. Shi kuma Prasae mutanen garin Pak Nam Prasae suka nemi a ba su shi tun da sunan koginsu yake ɗauke da shi, a 2003 aka jawo shi aka zaunar da shi a bakin kogin, kusa da dajin itatuwan gaɓa da masu yawon buɗe ido ke zuwa gani, igwoyinsa na nan a inda suke, ana hawa ta matakala har ɗakin matuƙi, daga can sama kana hango kwale-kwalen masunta na fita teku.